Wuta da Mai da Itace: Bayani ga Hakimai da Malamansu na Kudancin Katsina

Garin 'Yankara yana cikin ƙasar Faskari, a kan babbar hanyar mota wadda ta tashi daga Funtuwa, ta bi ta Sheme, ta nufi Tsafe da Gusau. Tankokin mai su kan bi wannan hanya, amma ba safai a kan tsaya a tambayi inda man ya fito ba, alhali kuwa tambayar ta shafi duk wanda a ka ɗora wa riƙon jama'a. Shekaru da yawa kafin 2024, kusan duk litar fetur da a ka zuba wa babur ko injin ban-ruwa a 'Yankara, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, a ƙasar waje a ka tace ta, galibi a Beljiyam da Holan. Jirgin ruwa ya kawo ta Ikko, sa'an nan mota ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 da ita. Kowane zango da nasa kuɗin, talakan da ya ke ƙarshen hanya kuwa shi ne mai biyan jimla.

Abin nufi a nan shi ne a bayyana yadda wannan yanki ya zama mai sayen makamashi daga nesa, da abin da hakan ya jawo wa noma da sana'a da lafiyar mutane, da kuma dabarun da wasu ƙasashe masu irin wannan lalura su ka yi.

Ma'anar makamashi da awonsa

A da, makamashi shi ne abin da a ke hura wuta da shi, watau itace da kara da gawayi da busasshen kashin shanu. A zamanin nan kalmar ta haɗa da kwal, da fetur, da man gas, da kananzir, da iskar gas, da wutar lantarki ko da me a ka samo ta. Ƙarfin inji a na auna shi da kilowat. Injin niƙa na ƙauye ya kan kai kilowat 4 zuwa 10. Kilowat 1,000 shi ne megawat ɗaya, watau ƙarfin da zai juya injin niƙa ɗari ko fiye a lokaci guda. Idan kilowat ɗaya ya yi aiki sa'a ɗaya, an ci abin da ma'aikatan lantarki su ke kira yunit ɗaya.

In an raba wutar da Nijeriya ta ke sha daga manyan tashoshinta bisa yawan mutanenta, rabon kowane mutum bai kai yunit 200 a shekara ba. Firjin gida guda ɗaya ya kan ci fiye da haka. Rabon mutumin Japan kuwa ya haura yunit 7,000.

Tun shekarar 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ke auna ci gaban ƙasashe da abu uku: tsawon ran mutane, da ilminsu, da abin da su ke samu. Mutumin Japan a na sa ran ya yi shekara 84 a duniya, na Nijeriya kuwa lissafinsa bai kai 60 ba. Wutar lantarki ita kaɗai ba ta ƙara wa kowa kwana, gama rai na Allah ne, kuma sababin lafiya yana da yawa. Amma wanda ya duba zai ga hannun makamashi a cikin duka ukun. Yawancin alluran rigakafi su kan lalace in ba a ajiye su cikin sanyi mai daraja 2 zuwa 8 ba. Unguwarzoma da ta karɓi haihuwa da fitilar wayar hannu aikinta ba ɗaya ba ne da na wadda ta ke da haske sosai. Rijiyar burtsatse da babu abin juya famfonta ta mai da mutane ga tafki, tafki kuwa shi ne gidan amai da gudawa. Yarinyar da injin niƙa ya ɗauke wa daka da surfe ita ce ta ke samun zuwa makaranta da safe.

Yadda a ka fara sayen makamashi

Kafin zuwan Turawa mutanen wannan yanki ba su sayen makamashi daga ko'ina. Daji yana kusa, maƙera suna ƙona gawayin ƙirya, fitilar aci-balbal tana cin man gyaɗa ko man kaɗe, jaki da takarkari suna ɗaukar kaya. Talauci ne ta wata fuska, gama ƙarfin mutum da na dabba iyakarsa kaɗan ce, amma babu wanda zai iya tare wa gari hanyar wutarsa.

Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Jirgin yana cin kwal na Inugu, yana kawo gwangwanayen kananzir, yana kwashe auduga da gyaɗa. Daga nan ne wutar dare ta zama abin saye da kuɗi. A 1951 hukumar lantarki ta ƙasa ta fara aiki, a 1968 a ka gama madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, a 1972 a ka kafa NEPA. Madatsar Jebba ta biyo baya a 1985, ta Shiroro a 1990. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, a ka fara sayar da shi waje a 1958.

Darasin masaƙun Kaduna

Wannan shi ne babin da ya fi shafar manoman Faskari da Bakori da Ɗandume da Funtuwa, domin ƙasarsu ƙasar auduga ce. Gwamnatin Jihar Arewa ta ga bai kamata a riƙa gurzar auduga a Funtuwa, a kai ta Ingila, a saƙo yadi a sayar wa wanda ya noma ta ba. Saboda haka ta haɗa jari da wani kamfanin Ingila, masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957. Cikin shekarun 1960 wasu su ka biyo baya, har da United Nigerian Textiles mai jarin mutanen Hankon, da Arewa Textiles mai jarin mutanen Japan. Daga baya Funtuwa ma ta sami tata masaƙar.

Masaƙa tana bukatar makamashi iri biyu. Tana son lantarki wanda ba ya yankewa, gama in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki zare ya kan tsinke, rini ya ɓaci. Tana kuma son baƙin mai domin tukwanen tururi. Da a ka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 sai a ka ɗauka an gama da wannan matsala. Kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta. Amma tun daga tushe matatar tana rataye da igiya mai tsawo. Ɗanyen manta ta bututu ya ke zuwa daga bakin teku ta Wari, tafiyar da ta haura kilomita 600, kuma sashenta mai yin man giris da kwalta an tsara shi ne domin ɗanyen mai mai kauri wanda a ke sayowa daga ƙasashe irin su Benezuwela da ƙasashen Larabawa. Ke nan matatar da ta ke tsakiyar ƙasa mai arzikin mai ita ma sai ta jira jirgin ruwa.

Cikin shekarun 1990 rashin gyara a kan kari da fasa bututu su ka sa matatar ta riƙa tsayawa. Baƙin mai ya yi wuya, wutar NEPA ta zama ta jefi-jefi, masaƙu su ka koma ga janareto mai cin man gas. Yadin da a ka saƙa da janareto kuwa ba zai yi gasa da wanda a ka saƙa a Sin da wuta mai araha ba, balle in an shigo da shi ta ɓarauniyar hanya ba a biya kuɗin fito ba. Gaskiya ne akwai wasu dalilai: faɗuwar darajar naira tun daga 1986 ta sa kayan gyaran injuna su ka yi tsada, kuma a wannan shekarar ce a ka rushe hukumar cinikin auduga, sha'anin iri da farashi ya rikice. Duk da haka makamashi yana cikin manyan abubuwan da su ka karya masaƙun. Masaƙar farko ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsai da aikinta na Kaduna a 2007. Dubban ma'aikata su ka rasa abin yi, manomin auduga ya rasa babban mai saye, da yawa su ka koma ga masara da waken suya.

Matatun gwamnati huɗu ne, biyu a Fatakwal, ɗaya a Wari, ɗaya a Kaduna, jimlar ƙarfinsu ganga 445,000 a rana. Zuwa 2020 babu ko ɗaya daga cikinsu mai tace mai.

Abin da Japan ta yi

Japan tsibirai ce, mutanenta kamar miliyan 124, ba ta da man fetur ko iskar gas da za a ambata, kwal ɗinta ma haƙarsa ta yi tsada har ta rufe kusan duk ramukan. Kusan kashi 90 cikin 100 na makamashinta saye ta ke yi. Ta san zafin wannan lalura tun da daɗewa, gama hana ta mai da Amurka ta yi a 1941 yana cikin abin da ya ingiza shugabanninta ga yaƙin da ya ƙare da rushewar biranenta.

A 1973 kamar kashi uku cikin huɗu na makamashin Japan man fetur ne, mafi yawansa daga ƙasashen Larabawa da Farisa. A watan Oktoba na shekarar yaƙi ya tashi tsakanin Larabawa da Isra'ila, masu mai su ka rage fitarwa, farashi ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Mutane su ka firgita har su ka riƙa wawason kayan masarufi a kantuna. A 1974 tattalin arzikin ƙasar ya ja baya, karo na farko tun bayan yaƙin duniya.

Dabarar da su ka fara yi ita ce irin ta rumbu. A 1975 a ka yi doka ta tilasta wa kamfanonin mai su ajiye abin da zai isa kwanaki masu yawa, a 1978 gwamnati ta fara tara nata. A 2024 jimlar ajiyar ta haura abin da ƙasar za ta sha cikin kwana 200. Kowane dagaci ya san hikimar wannan, domin ita ce ta maigidan da ba ya buɗe rumbun gero sai damina ta yi nisa. Sa'an nan su ka rarraba ƙafa: iskar gas daga Ostareliya da Malesiya da wasu wurare, kwal daga Ostareliya da Indunisiya, da tashoshin nukiliya a gida, har rabon man fetur ya sauko ƙasa da kashi 40 cikin 100. Abu na uku shi ne tsimi. Dokar 1979 ta wajabta wa manyan masana'antu su naɗa ma'aikaci wanda aikinsa shi ne lissafin makamashin da a ka ci da neman hanyar rage shi. Motocinsu marasa shan mai, waɗanda su ka cika tashoshin Funtuwa da Gusau, da wannan hali na tsimi su ka ci kasuwar duniya.

Ba a ce Japan ta kuɓuta ba. A watan Maris na 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku su ka lalata tashar nukiliya ta Fukushima. Kafin nan nukiliya tana ba da kamar rubu'in lantarkin ƙasar. A ka rufe tashoshin ɗaya bayan ɗaya domin bincike, a ka koma sayen gas da kwal da tsada, har a wannan shekara kuɗin abin da ƙasar ta sayo ya fi na abin da ta sayar, abin da ba a gani ba tun 1980. An yi rabon wuta na 'yan makonni a yankin Tokiyo, ofisoshi su ka rage fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, masana'antu kuma su ka ci gaba da aiki. Abin lura shi ne da me Japan ta ke biyan wannan saye: da motoci da injuna da sauran kayan da ilmin mutanenta ya ƙera. Tana sayen mai ta sayar da aikin hannu. Nijeriya kuwa ta daɗe tana sayar da ɗanyen mai ta sayo tataccensa.

Maƙwabta na arewa

Misalin Jamhuriyar Nijar ya fi kusa. Tun shekarun 1970 ta ke sayen lantarki daga Nijeriya ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, akwai kuma layin da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa, mai ba Maraɗi da Damagaram. Ƙasar tana haƙar yuraniyam a Arlit tun 1971, wanda ya daɗe yana ciyar da tashoshin lantarkin Faransa, amma kamar mutum ɗaya cikin biyar ne ya ke da wuta a gidansa. Sa'ad da soja su ka karɓi mulki ran 26 ga Yuli 2023, kamar kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin lantarkin ƙasar ya ke rabawa daga Nijeriya ya ke zuwa. A farkon Agusta a ka yanke ta bisa takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba a mayar ba sai bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Waɗanda su ka sha wuyar watannin nan su ne masu jinya, da masu walda, da masu sayar da ƙanƙara, waɗanda ba a yi shawara da su ba kan juyin mulkin.

Shekarun baya-bayan nan a gida

A ƙarshen Agusta 2021, saboda ta'adin 'yan bindiga, Gwamnatin Jihar Katsina ta yi doka ta hana sayar da fetur a jarka, ta ƙayyade gidajen man da za su buɗe da yawan abin da za a sayar wa mai mota a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. An yi haka ne domin a toshe wa ɓarayin daji hanyar mai, amma manomin da injin ban-ruwansa ya ke bakin fadama da jarka ya ke kai masa mai, haka ma mai injin niƙa na ƙauye. Wannan ya nuna yadda sana'ar yankin duka ta rataya ga abu guda.

Ran 29 ga Mayu 2023 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota da na niƙa da na ban-ruwa duk su ka tashi. A watan Oktoba na 2024 kuma yawancin jihohin Arewa su ka yi fiye da mako guda cikin duhu, domin an riga an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sai wanda ya ke zuwa ta Makurɗi da Jos shi ma ya faɗi, babu na uku.

Matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumba 2024, ta rage sayen tataccen mai daga waje ƙwarai. Amma tana bakin teku, farashinta yana bin kasuwar duniya, kuma nisan da tankar mai za ta yi zuwa 'Yankara bai ragu ba ko da taki ɗaya.

Hasken rana, da rabon hakimi cikin aikin

Makamashin da ba ya bin wannan doguwar hanya shi ne hasken rana, kuma Allah ya hore wa ƙasar Katsina shi. Faifan hasken rana ya yi araha ƙwarai cikin shekarun nan, har manoma sun fara sa shi ga famfon ban-ruwa. Sai dai kada a manta shi ma kayan saye ne, gama fiye da kashi 80 cikin 100 na faya-fayan duniya a Sin a ke ƙera su. Bambancin shi ne fetur kullum a ke saye, faifai kuwa sau ɗaya, ya yi shekara 20 ko fiye. Rauninsa yana ga batir, wanda in na dalma ne ba ya wuce 'yan shekaru cikin zafin wannan ƙasa, da kuma ƙurar hunturu mai rufe faifan in ba a share shi ba. Aikin lantarkin iska na Lambar Rimi kusa da Katsina, mai megawat 10, abin tunawa ne. Wani kamfanin Faransa ne ya fara kafa shi, a ka sace injiniyansa a Disamba 2012, aikin ya yi shekara da shekaru a tsaye, injunan suna lalacewa tun ba a more su ba.

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 baitulmali ya bar hannun En'e, saboda haka hakimi ba shi ne mai sayo faifai ko taransifoma ba. Amma shi ne mai sanin ƙasa, kuma yawancin kayan gwamnati da ke lalacewa a ƙauyuka rashin mai lura ne ya ke kashe su. Ya kamata malamin hakimi ya buɗe littafi domin duk wani kayan makamashi na jama'a da ke gundumar, na asibiti, ko na rijiyar burtsatse, ko na makaranta, ko fitilun kasuwa. A rubuta ranar da a ka kafa shi, da hukumar da ta kafa, da irin batirinsa, da wanda mabuɗi ya ke hannunsa, da wanda zai share faifan, da inda mai gyara ya ke. In jama'a suna tara kuɗin ruwa, a rubuta abin da ya shiga, a ware kason sabon batir tun kafin tsohon ya mutu. Filin da za a ba kamfani domin ƙaramar tashar hasken rana kuwa a yi takardarsa gaban dagaci da masu gona da shaidu, a ambaci iyaka da diyya da wa'adi, gama rigimar fili ta kan tsai da aiki fiye da rashin kuɗi.

Itace har yanzu shi ne makamashin girki na yawancin gidaje, shiga dajin Kogo ko na Rugu kuwa ya zama kasada. Dashen dalbejiya da sauran itatuwa masu saurin girma a kan iyakokin gonaki, da murhun tsimi mai rage itace da hayaƙi, abubuwa ne da masu unguwa za su iya ja gabansu ba tare da jiran kowa ba.

Akwai kuma gargaɗi na musamman ga garuruwan da ke bakin babbar hanya, kamar 'Yankara da Sheme. A watan Oktoba na 2024 wata tankar fetur ta faɗi a Majiya cikin Jihar Jigawa, mutane su ka taru suna kwasar man da ya zube, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 su ka rasu. Lalle ne dagatai da limamai su sanar da jama'a tun kafin irin wannan rana ta zo, cewa in tanka ta faɗi a kashe duk wata wuta da inji da ke kusa, a janye yara da manya nesa da wurin, a aika wa 'yan sanda da ofishin hakimi nan take.